Tarihin Tsadar Ƴaƴan Itace a Kasuwanninmu

Wata rana ina koyar da darasin abinci mai gina jiki a ajin CM2, na rubuta a allo cewa ya kamata yaro ya ci ganye da ƴaƴan itace kullum. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, da dala ashirin innata tana sayo salati da tumatir mu ci mu duka, amma dala ashirin ɗin ba ta sayen tuffa ko guda. Me ya sa?" Na ba ta amsar da ta zo mini a baki, cewa tuffa daga nesa take zuwa. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta cika ba. Da na zauna na yi tunani, sai na ga cewa tsadar nan tana da tarihi, kuma ya kamata mu malamai da iyaye mu san shi.

A zamanin kakanninmu ba a cika sayen ƴaƴan itace ba, tsinka ake yi. Kanya, magarya, ɗinya, goriba, aduwa, gawasa, tsamiya, ƴaƴan kuka, duk suna cikin daji da bakin gona, kowanne da lokacinsa. Yaro makiyayi ya fita da safe, ya dawo da aljihu cike da magarya, ba wanda ya tambaye shi ko dala. Kayan miya kuma mata ke shuka su a gefen gona ko bayan gida: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, gauta. Tafasa kuwa ita ke fitowa da kanta da damina.

Abin da muke kira ƴaƴan itace a kasuwa yau, yawancinsu baƙi ne. Mangwaro asalinsa ƙasar Indiya, lemu daga gabashin Asiya, gwaiba da gwanda da abarba daga nahiyar Amurka. Su ma kayan lambu irin su karoti da kabeji da salati sun yaɗu ne a zamanin Turawan mulkin mallaka, ta lambunan da ke kusa da bariki. To, tunda duka baƙi ne, me ya sa kabeji ya zama ɗan gida, ayaba kuwa har yau tana nan baƙuwa?

Dalili na farko shi ne ruwa da lokaci. Damina a wurinmu wata uku ce zuwa huɗu. Maraɗi tana samun ruwan da bai wuce milimita 500 ba a yawancin shekaru, Gaya da ta fi kowa tana samun wajen 800. Ayaba da abarba suna son fiye da 1000, da laima mai daɗewa. Kayan lambu kuwa sun dace da sanyin hunturu: salati ya yi cikin wata ɗaya da rabi, tumatir wata uku, albasa wata huɗu zuwa biyar. Mai lambu ya zuba kuɗinsa a watan Nuwamba, ya karɓe su kafin zafi ya shigo. Mangwaron da aka yi wa aure sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya fara bayarwa, wanda aka shuka da ƙwallo ya fi haka daɗewa. A duk tsawon shekarun nan sai an ba shi ruwa da rani, an yi masa shinge saboda awaki, ba tare da ya mayar da ko dala ba. Wanda ke neman abincin yau ba shi da halin jiran na shekara huɗu.

Dalili na biyu shi ne mallakar ƙasa da ta itace, kuma nan ne tarihi ya fi nauyi. A al'adarmu, wanda aka ba aron gona yana iya shuka hatsi ko albasa, amma ba a yarda ya dasa itace, domin dasa itace kamar kafa hujja ce cewa gonar tasa ce. Masu lambu da yawa kuwa a kan aro ko haya suke, mata ma sun fi shiga wannan hali. Sai dokar gandun daji da Faransa ta kafa a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1935 ta zo ta ɗora hannun hukuma a kan daji da wasu itatuwa. Bayan samun ƴancin kai a 1960 ba a sauya wannan tunani da wuri ba, dokar 1974 ta bi sawun ta farko. Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, yakan ba mu labarin yadda manomi ke tsoron barin tsiro ya girma a gonarsa, don in ya zama itace sai ya nemi izini kafin ya taɓa reshensa, in ba haka ba a ci shi tara. Mutane suka koyi share gona ƙal. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye daji, fari na 1973 da na 1984 suka kashe abin da ya rage. Kanya da ɗinyar da ake tsinka kyauta suka yi nisa da gari, har suka zama abin aunawa a kasuwa.

Dalili na uku shi ne zaɓin da aka yi lokacin yunwa. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani da ƙarfinta. Aka haƙa rijiyoyi a fadamu, aka raba iri, aka buɗe lambuna a bakin tafkuna da gulabe. Abin da ake nema shi ne abin da zai shiga tukunya kafin damina ta gaba, saboda haka aka fi ba da ƙarfi ga dankali, kabeji, tumatir da albasa. Wannan shawara ta ceci rayuka, ba ni da abin zargi a kanta. Ta kuma bar mana gado: Gulbin Maraɗi, Jiratawa, Ƙonni da Galmi sun cika ƙasa da kayan lambu, albasar Galmi ma har Gana da Kwaddibuwa take zuwa. Lambunan itace kuwa sun tsaya a wurare ƙalilan, kamar Mirya da Gaya da bakin kogin Yamai, sai lemu da rumman na Timiya a duwatsun Abzin, da dabinon Kawar.

Abin da ba mu noma da yawa dole mu sayo shi daga waje, kuma nan dalili na huɗu ya shigo: hanya da iyaka da kuɗi. Abarba daga kudancin Benin take zuwa, lemu da ayaba da yawa daga Najeriya, tuffa da inabi daga ƙasashe masu nisa kamar Maroko da Afirka ta Kudu. Daga Kwatano zuwa Yamai wajen kilomita 1000 ne, daga Yamai zuwa Maraɗi fiye da 600. Kuɗin mai, kuɗin kwastan, da kayan da suka ruɓe a hanya, duk mai saye ne ke biya. Ina ɗan makaranta lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, na kuma tuna yadda kayan da ke zuwa daga Turai suka fi ƙarfin gidanmu cikin ƴan kwanaki. Haka muka sake gani da Najeriya ta rufe iyakarta a Agustan 2019, da kuma takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023. Kabejin Jiratawa bai san da iyaka ba, abarba kuwa sai ta ƙetare ta.

Akwai kuma batun ajiya. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin busar da kayan miya: tumatir ya zama kauɗa, ganyen albasa ya zama gabu, kuɓewa ta bushe a daka ta. Abin da ya yi yawa yau ana cin sa bayan wata shida. Ban da dabino, ƴaƴan itacen kasuwa ba mu saba busar da su ba. Shi ya sa mangwaro ke arha da bazara har ya ruɓe a bakin hanya, bayan wata biyu kuma a neme shi a rasa. Tumatir ɗanye ma yakan yi tsada da damina, amma uwar gida tana da kauɗa da za ta maye gurbinsa.

Tarihin bai tsaya a nan ba. A jihar Maraɗi ne, tun daga 1983, aka fara farfaɗo da dabarar barin tsiro ya girma a gona ana yi masa sassabe, da taimakon Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostareliya da manoman ƙauyukanmu. Da dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka sassauta, manomi ya fara ganin itacen gonarsa nasa ne, miliyoyin itatuwa suka dawo. Wannan ya nuna cewa in mutum ya tabbata shi zai ci amfanin itace, zai kula da shi.

Kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, amma sau da yawa dogon yaro ne, kuma ba mai waiwayarsu bayan an watse. A makarantarmu mun yi shawara da kwamitin iyaye: kowane aji ya ɗauki mangwaro biyu da gwaiba ɗaya kusa da famfo, iyaye suka kawo ƙaya aka yi shinge, aka kuma raba wa yaran unguwa kwanakin ban ruwa a lokacin hutu. Uku sun mutu a ranin farko, sauran suna nan. Yarinyar da ta yi mini tambayar ta wuce kwaleji kafin su yi fure, amma ƙanenta yana ajin CI, kuma in Allah ya yarda zai ci kafin ya fita. Kafin nan, na gyara abin da nake rubutawa a allo: ina sa magarya da goriba da ƴaƴan kuka a jeri ɗaya da lemu, don kada yaro ya ɗauka sai abin da ya fito daga kwali ne ɗan itace.