Dillalin da Ya Tsaya wa Masu Zane: Paul Durand-Ruel

A wurinmu, dillali shi ne mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. A wannan ɗan rubutu ina so in kawo tarihin wani dillali da bai tsaya ga la'ada ba, watau Paul Durand-Ruel, Bafaranshe, wanda ya rayu daga 1831 zuwa 1922.

A zamaninsa, duk mai zanen da ke neman suna a Faransa sai ya kai aikinsa babban baje kolin birnin Paris da ake kira Salon. Alƙalan wurin kuwa sun fi son zane mai sumul na sarakuna da labaran mutanen dā. Sai ga wasu samari irin su Monet da Renoir da Pissarro suna fita fili suna zana kogi da gonaki da hasken rana da saurin hannu. Sau da yawa akan mayar musu da aikinsu, 'yan jarida na yi musu ba'a, masu saye na gudu.

Yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 ya kori Durand-Ruel zuwa Landan, inda ya gamu da Monet da Pissarro, su ma 'yan gudun hijira. Daga nan ya shiga sayen aikinsu. A 1872 ya kwashi zane 23 na Manet a lokaci guda kan faran 35,000. Yakan ba masu zanen kuɗin wata, ya biya musu basussuka. A 1882 bankin da yake dogara da shi ya karye, bashi ya kusa durƙusar da shi, amma bai saki layi ba. A 1883 ya shirya musu baje koli ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa. A 1886 ya ɗauki zane kusan 300 ya kai New York, Amurkawa suka fara saye, kasuwa ta buɗe.

Kada mai karatu ya ɗauka sadaka yake yi. Ɗan kasuwa ne, yana tara kaya da yawa don ya riƙe farashi a hannunsa, har ya sayi zane wajen 12,000 a rayuwarsa. Amma ni a ganina, abin lura shi ne ya zuba dukiyarsa tun jama'a ba su yarda ba. Da ya jira yardarsu, da yunwa ta sa wasu daga cikin waɗannan masu zane sun ajiye sana'ar.