Cike gurbi da sifiri a harshen SQL

Cike gurbi da sifiri dabara ce da masu aikin rumbun bayanai ke bi don lambobi su yi tsawo ɗaya, misali 42 ya koma 00042. A MySQL da Oracle da PostgreSQL, umarnin LPAD('42', 5, '0') ne ke yin wannan aiki. Sai dai yana da tarko: in lambar ta zarce tsawon da aka ƙayyade, gutsure ƙarshenta yake yi, ko gargaɗi babu.

Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce. In an adana ta a matsayin adadi, sifirin farkonta kan ɓace, tilas a mayar da shi kafin a tura kuɗi.