Hagu ko dama? Tarihin murɗin idon kyamara, daga Jamus har Ƙofar Ɗan Agundi

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau tarihin wani ɗan ƙaramin abu za mu yi, amma duk wanda ya taɓa aron kyamara ya san zafinsa. Bari in fara da abin kunyar da ya same ni.

Bara waccan, gab da faɗuwar damina, ni da wasu abokaina muka ɗaura niyyar ɗaukar hoton abin da ya rage na ganuwa, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Na'isa. Duk mai bin titin BUK ya san dalili. Badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 ke nan, yau wani wurin sai tudun ƙasa, wani wurin ma shago ne a kai. Ni rabona ya faɗo a Ƙofar Ɗan Agundi, kuma ina da wani buri na kaina: in ɗauki kakana a gaban wani guntun ganuwa da ya ce nan suke hawa suna yara. Tsohon ya haura tamanin, kuma ba ya son hoto. Sai da na yi sati uku ina lallaɓa shi kafin ya yarda.

Ranar da ya amince, tawa kyamarar tana wurin mai gyara. Sai na ari ta wani abokina mai ɗaukar biki, ta wani kamfani daban da wanda hannuna ya saba. Muka isa bayan la'asar sakaliya, rana ta yi ja, ƙasar ganuwar ta yi kyau. Na zo canza lens, wato idon kyamarar, in sa mai faɗi. Na murɗa, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya ƙi. Ashe ta ɗaya ɓangaren ake murɗawa. Tsoho yana tsaye da sandarsa yana kallona, ya ce, "Kai abokina, da digirinka ƙarfe ya gagare ka?" Na ce, "Alhaji, minti ɗaya." Da ƙyar idon ya zauna. Tsohon lens ne, da hannu ake saita shi. Daidai lokacin da kakana ya ɗaga sanda yana nuna inda suke taka ƙafa su hau, hannuna ya murza zoben saiti yadda ya saba, sai hoton ya ƙara dishewa maimakon ya fito fes. Na dai danna. Kafin in gyara ya sauke sandar, ya ce shi zai je ya yi alwala. A daminar nan guntun ganuwar ya zube.

Ban ga laifin kyamarar ba, hannuna ne ya yi abin da aka koya masa. Amma abin ya tsaya mini a rai: wa ya yanke cewa wannan ta hagu za ta murɗa, waccan ta dama? Da na bi diddigi sai na tarar maganar ta girmi kakana.

A 1925, shekarar da jirgin sama ya fara sauka a Kano, kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar a Jamus ya fito da Leica. Wani injiniya Oskar Barnack ne ya ƙirƙire ta. Kafin nan kyamarar ƙwararru akwati ce, da ƙafafu uku da baƙin ƙyalle. Barnack ya ɗauki fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35 ya sa a 'yar kyamarar da za ta shiga aljihun riga. Duniya ta ruɗe. Sai babban kishiyarsu, Zeiss Ikon na Dresden, ya ce shi ma sai ya yi tasa. A 1932 ya fito da Contax. To amma Leitz ya riga ya yi rajistar dabarunsa, ba dama a kwaikwaya kai tsaye. Don haka kusan duk abin da Leica ta yi, Contax sai ta nemi wata hanya. Leica ana ɗaura mata ido da zare kamar murfin kwalba, Contax da haƙora, a zura a ɗan murɗa ya kama. Labulen da ke buɗewa haske ya shiga, na Leica ƙyalle ne mai tafiya a kwance, na Contax ƙarfe ne mai saukowa daga sama. Har zoben saitin ma kowacce da inda take juya shi.

Kun ga dai rigimar Jamusawa biyu ce. Sai Japanawa suka zo suka gaje ta.

A Tokyo wasu matasa suka zauna suka kwance Leica suna nazari, suka haɗa tasu da suka kira Kwanon a 1934, wadda ta zama Canon. Ga wani abin dariya: kyamarar Canon ta farko da ta shiga kasuwa a 1936, idon da ke jikinta Nikkor ne, na kamfanin Nippon Kogaku, wato Nikon ta yau. Lokacin Canon ba ta iya yin gilashi ba, ita kuma Nikon ba ta fara yin kyamara ba. Masu musun Canon da Nikon a dandalin sada zumunta kamar musun Madrid da Barcelona, ku sani a kwano ɗaya suka fara cin tuwo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1948, Nikon ta fito da tata kyamarar, kuma wajen siffa da bakin ɗaura ido sai ta bi Contax. Canon kuwa ta ci gaba a layin Leica. A 1959 Nikon F ta fito, ta zama kyamarar 'yan jarida a faɗin duniya, ta taho da juyin da ta gada.

Shi ya sa har gobe, in kana fuskantar kyamara, idon Canon yadda hannun agogo ke tafiya ake murɗa shi ya zauna, na Nikon kuwa akasin haka. Zoben saiti ma haka, kowanne da nasa ɓangaren. Sony, wadda ta sayi sashen kyamara na Konica Minolta a 2006, wajen ɗaura ido tana tare da Canon, wajen zoben jawo abu kusa kuma tana tare da Nikon. Sunaye ma ba su haɗu ba. Abin da Canon ta rubuta Tv da Av a kan makunninta, Nikon da Sony S da A suka rubuta, alhali aiki ɗaya ne. Tsofaffin Nikon ma ma'aunin haskensu alamar ƙari a hagu take, ta ragi a dama, saɓanin sauran. Babu wanda ya fi wani daidai a nan. Ka dai tuna mai tuƙi da aka kawo daga ƙasar da ake bin hagu. Mu ma ai sai a 1972 Najeriya ta koma bin dama, ku tambayi tsofaffin direbobi yadda aka sha fama.

Juyin hagu da dama, hannu yana sabawa a sati biyu. Inda abin ya fi ciwo shi ne bakin ɗaurin kansa, don nan kuɗi suke.

A 1985 Minolta ta fito da kyamara mai saita kanta da ta girgiza kasuwa. Canon ta duba bakin ɗaurinta na lokacin, mai suna FD, ta ga ba zai kai ta ko'ina ba. A 1987 sai ta yi abin da mutane da yawa suka ɗauka hauka ne: ta watsar da shi gaba ɗaya, ta fito da EOS da sabon baki mai suna EF, wanda komai nasa da lantarki yake magana, injin saitin kuma a cikin lens ɗin yake. Wanda ya shekara 15 yana tara idanun FD, ya wayi gari ba ko ɗaya da zai hau sabuwar kyamara. Ƙwararru sun yi fushi sosai. Amma cacar ta ci, don cikin 'yan shekaru Canon ta mamaye filayen wasanni da fararen idanunta. Nikon ta zaɓi riƙon amana, ta ce bakin 1959 yana nan. Sai dai amanar ta zo da nata ruɗanin: idon zai hau, amma ba lallai ya yi duk aikinsa ba. Ƙananan kyamarorinta irin su D3100 da D5100 ba su da injin saiti a jiki, don haka in ka ɗaura musu tsohon lens da ke jiran jiki ya juya shi, sai dai ka saita da hannu. Ni a ganina kowanne ya zaɓi wanda zai ɓata wa rai ne kawai. Canon ta ɓata wa tsofaffin abokan cinikinta sau ɗaya, Nikon ta bar sababbin shiga suna tuntuɓe a hankali. A 2018 kuma dukansu biyu suka sake sabon baki, RF da Z, don kyamarori marasa madubi, bayan Sony ta riga su da A7 tun 2013. Wannan karon dai sun yi hankali, sun fito da adafta.

To me ya kawo wannan Kano? Ai mu ne a ƙarshen layin. Bature ko Bajapane yakan sayi kamfani ɗaya sabo fil, ya zauna a kai shekara 20. Mu kuwa ta hannu muke saya. Jiki daga Sabon Gari, lens daga wani da ya dawo daga Dubai, filasha daga abokin da ya daina sana'a, caja kuwa sai an zaga Beirut Road. Kuma aro da haya su ne jarin yawancinmu. Yaron da ke koyon ɗaukar biki, Asabar yana riƙe da wannan kamfani, Lahadi wancan, ranar kamu wani daban. Duk bambancin da aka ƙirƙira don a riƙe mai saye kada ya gudu, a hannunsa yake fashewa, a gaban amarya da danginta. Batir bai shiga na wani ba. Memori ma an yi zamanin da Sony ke da nata Memory Stick, Olympus da Fujifilm ke da xD, kafin kowa ya sallama wa SD. Ɗanyen hoton da kyamara ke ajiyewa, na Canon CR2 ko CR3, na Nikon NEF, na Sony ARW, tsohuwar kwamfutarka ta buɗe wannan ta ƙi wancan.

'Yan fim sun fi kowa sanin wannan. Tun daga Turmin Danya a 1990, da kyamarar kaset aka gina Kannywood. Da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 tana ɗaukar bidiyo mai kama da na sinima, sai kyamarar hoto ta zama ta fim, har guguwar ta iso Zoo Road. Amma da yawansu suna da wata ɗabi'a: in ɗauka ta kai minti 29 da daƙiƙa 59 sai ta tsaya da kanta. Babban dalilin haraji ne. A wancan lokacin, a Tarayyar Turai duk na'urar da ke ɗaukar minti 30 a jere a matsayin kyamarar bidiyo ake lissafa ta, kuɗin fitonta kuma a lokacin ya fi yawa, sai kamfanoni suka yanke daƙiƙa ɗaya. Wato mai ɗaukar tafsiri a masallacin unguwarku da azumi, malam yana tsakiyar bayani kyamara ta ɗauke, dokar kwastan ɗin Turai ce ta taɓa shi bai sani ba. Sababbin kyamarori da yawa sun cire wannan iyakar, amma mu tsofaffin ne a hannunmu.

Akwai kuma maganar fata, wadda shiri guda ya kamata a yi mata. Shekaru da dama, katin da Kodak ke bai wa masu wankin hoto su daidaita launi da shi, wanda ake kira Shirley, hoton farar mace ne, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da baƙar mace a ciki. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dattijo baƙi cikin farar babbar riga da farin rawani a ranar Kano ya san yadda kyamara ke rikicewa, riga ta fito fuska ta ɓace. Wayoyin Tecno sun shiga zuciyar mutanenmu ne har da dalilin cewa masu yin su sun zauna sun gyara kyamararsu don baƙar fata.

Wani abu ɗaya da ya fara haɗa kan kamfanonin, shi ma daga Turai ya zo: tun ƙarshen Disambar 2024, sabuwar kyamarar da ake cajinta da waya, in za a sayar da ita a can, dole ta zo da bakin USB-C irin na wayar hannu. Kafin irinsu su gangaro kasuwar 'yan hannu a nan, sai mu ƙara haƙuri. Murɗin ido kuwa babu dokar da ta taɓa shi, kuma ban ga alamar wani zai sauka daga nasa ba.

Ni dai yanzu in na ari kyamara, tun a gida nake cire idon in mayar sau goma, in murza zoben ina kallon bango har hannuna ya gane. A ƙungiyarmu ma mun manna 'yar takarda mai kibiya a jikin kowane lens da muke karɓa-karɓa.

Hoton kakana kuwa na wanke shi duk da haka, na kai masa. Ana ganin farar riga, da sanda a sama, da wani jan abu a bayansa. Ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta, ya sake kawowa. Ya ce, "To ai ni ma haka nake ganin ganuwar yanzu." Ya sa shi ƙarƙashin buzunsa.

Duk wanda ke da tsohon hoton Ƙofar Ɗan Agundi ko na badalar da ke gefenta a albam ɗin gidansu, ko na biki ne ganuwar ta faɗo a baya, ko ya dishe, don Allah ya ɗauke shi da waya ya turo mana ta akwatin saƙo, da shekarar in an tuna. Sai mun haɗu a shiri na gaba.