Sani Kaita: Jan Kati Ɗaya Da Ya Rufe Lambobi Uku

 Gaisuwa ta musamman ga masu bibiyarmu daga Batsari da Ruma da Wagini, da na Safana da Runka, da duk inda kuke. Yau filin ƙwallo za mu shiga, amma ba labarin Madrid ko Barcelona muka kawo ba. Labarin ɗan gida ne, Sani Kaita.

Ku gwada wani abu. Ku shiga kowane gidan kallon ƙwallo a yankin nan, ku ambaci sunansa a gaban wanda ya haura shekara talatin. Kafin ku rufe baki zai ce muku: "Wanda ya karɓi jan kati?" Shi ke nan abin da aka riƙe. To bari mu koma baya mu ga ko adalci ne.

An haifi Sani Haruna Kaita a Kano ranar 2 ga Mayu, 1986. A Kano Pillars ya fara fitowa, yana buga tsakiya, irin ɗan wasan da aikinsa shi ne ƙwato ƙwallo da tare hanya kafin abokan hamayya su isa wurin masu tsaron baya. Wannan gurbi ne da ba a cika yi wa tafi ba. Mai cin ƙwallo shi ake ɗauka a kafaɗa, shi kuwa mai sharar tsakiya ba a tuna shi sai ranar da ya yi kuskure. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 2005 koci Samson Siasia ya tafi da shi ƙasar Holan gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Tawagar su Mikel Obi da Taye Taiwo ke nan. Sun kai har wasan ƙarshe a birnin Utrecht, inda Ajantina ta yi nasara da ci 2 da 1, kuma duka ƙwallayen biyu Lionel Messi ne ya ci su da bugun fenareti. Kaita ya dawo da lambar azurfa, kuma a shekarar ƙungiyar Sparta Rotterdam ta Holan ta ɗauke shi yana ɗan shekara 19.

Bayan shekara uku, a 2008, ga shi kuma a gasar Olamfik ta Beijin, a ƙarƙashin Siasia ɗin dai. Najeriya ta lallasa Beljiyam da ci 4 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, ta sake cin karo da Ajantina. Angel Di Maria ya ci ƙwallo ɗaya tilo, aka tashi 1 da nema. Azurfa ta biyu ke nan. A shekarar ne Monaco ta Faransa ta saye shi, daga nan ta riƙa ba da shi aro ga ƙungiyoyin Rasha: Kuban Krasnodar, Lokomotiv Moscow, sai Alania Vladikavkaz. A farkon 2010 yana cikin Super Eagles da suka zo na uku a gasar kofin Afirka a Angola. Ku ƙirga: azurfa biyu, tagulla ɗaya, duk kafin ya cika shekara 24.

Sai ranar Alhamis, 17 ga Yuni, 2010, a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu. Karon farko ke nan da aka yi gasar kofin duniya a nahiyar Afirka, kuma buri ya yi yawa. Najeriya ta riga ta sha kashi a hannun Ajantina da ci 1 da nema a wasan farko, don haka wasa da Girka ya zama na a mutu ko a yi rai. A minti na 16 Kalu Uche ya buga bugun tazara, ƙwallo ta wuce kowa ta faɗa raga. Muna gaba, kuma wasan yana hannunmu.

A minti na 33 ƙwallo ta fita waje. Wajen ɗaukar ta aka yi 'yar tureriya tsakanin Kaita da ɗan bayan Girka, Vasilis Torosidis. Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Shurin bai yi wani ƙarfi ba, amma Torosidis ya zube ƙasa yana birgima, alƙalin wasa Oscar Ruiz ɗan Kolombiya ya zaro jan kati. Kuma a gaskiya doka tana bayansa, domin ƙwallo ba ta cikin wasa, kuma babu abin da ya kai ƙafa wurin.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Dimitris Salpingidis ya farke dab da tafiya hutun rabin lokaci, ƙwallon ma sai da ta bugi Lukman Haruna ta karkace. A minti na 71 ƙwallo ta kuɓuce wa Vincent Enyeama, wanda ya yi ta ceton mu tun farkon gasar, Torosidis ɗin nan dai ya ƙarasa ta. Aka tashi 2 da 1, nasarar farko da Girka ta taɓa samu a tarihin kofin duniya.

Kaita ya fito ya nemi afuwar 'yan Najeriya. Amma cikin 'yan kwanaki kakakin tawagar, Peterside Idah, ya shaida wa manema labarai cewa an aiko wa yaron saƙonnin barazanar kisa sama da 1,000. Ba a ɗauki abin da wasa ba, domin duniya ba ta manta da Andres Escobar na Kolombiya ba, wanda aka harbe a Medellin a 1994 kwanaki kaɗan bayan ya ci gida a kofin duniya.

Yanzu tambaya: shin Kaita kaɗai ya fitar da Najeriya? A wasan Girka ɗin kansa, muna mutum goma, Chinedu Obasi ya samu damar da za ta iya sauya komai, ya zubar. A wasa na uku da Koriya ta Kudu a Durban, wanda Kaita bai buga ba, Yakubu Aiyegbeni ya tsaya gaban raga babu kowa ya buga waje, aka tashi 2 da 2, alhali nasara ce za ta kai mu zagaye na gaba. Kocin ma, Lars Lagerback ɗan Suwidin, sai a ƙarshen Fabrairu aka ɗauko shi, wata uku da 'yan kwanaki kafin gasar. Rikicin ya kai har Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da dakatar da tawagar daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu, kafin ya janye da FIFA ta yi barazana. Gidan gaba ɗaya ne ke yoyo, amma aka nuna ɗaki ɗaya.

Daga nan tauraron Kaita bai sake haskawa kamar da ba. Ya buga a Yukren, ya buga a Saifurus, ya dawo gida Enyimba ta Aba, daga baya ya ƙarasa a ƙasar Finlan. Ƙofar Super Eagles kuwa ta rufe masa tun yana tsakiyar ƙarfinsa.

Ku kwatanta da David Beckham. A kofin duniya na 1998 shi ma shuri ya kai wa Diego Simeone na Ajantina, aka kore shi, Ingila ta fita. An zage shi, har mutum-mutuminsa aka rataye a Landan. Amma kocinsa Alex Ferguson ya tsaya masa a Manchester United, tawagar ƙasa ba ta yar da shi ba. A 2000 aka ba shi kyaftin. A Oktoban 2001 shi ya ci bugun tazarar minti na ƙarshe da ya kai Ingila kofin duniya, kuma abin mamaki, a ragar Girka. Laifi iri ɗaya ne, shekarunsu ma kusan ɗaya. Bambancin shi ne an bar wa ɗaya hanyar dawowa.

To ina ruwan Batsari da Safana da wannan? Ruwanmu da tsaki. Duk wanda ya san gasar unguwanni da ta ƙauyuka ya san yadda ake yi. Yaro ya yi faɗa a fili sau ɗaya, shi ke nan an sa masa suna. A cire shi daga kulob, a daina kiransa atisaye, a majalisa a riƙa nuna shi da baki. Haka ake yi wa wanda ya faɗi jarrabawa, da wanda aka taɓa kamawa da ƙwaya. Mu kuwa a nan yamma da Katsina, da dajin Rugu yake maƙwabtaka da mu, mun fi kowa sanin cewa matashin da gari ya kora ba ya rasa mai karɓar sa. Filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da suka rage da ke tara samari da yamma, ɗan manomi da ɗan makiyayi da ɗan kasuwa, ƙarƙashin doka ɗaya da usur ɗaya. Duk wanda aka kora daga nan, a tambaya ina ya nufa.

Ba cewa muke a daina hukunci ba. Kaita ya yi laifi, kuma ku 'yan wasa ku ji da kyau: daƙiƙa ɗaya ta fushi tana iya cinye wahalar shekara goma, musamman ga mai buga gurbin da ba a yi masa tafi. Amma ita kanta dokar ƙwallo ta fi mu tausayi. Jan kati yana da adadin wasanni, in sun cika mutum ya ɗaura takalminsa ya dawo. Masu kulob da masu shirya gasa a garuruwanmu, ku yi koyi da wannan. In za ku dakatar da yaro, ku faɗa masa ranar dawowa tun a ranar da kuka dakatar da shi, kuma ku bar shi ya riƙa zuwa atisaye kafin lokacin.

Sannan in an sake ambatar Sani Kaita a gabanku, ku tuna wa mutane Utrecht da Beijin da Angola kafin a kai ga Bloemfontein. Ku ajiye mana ra'ayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu.