Wa Ke Riƙe da Littafin?

'Yan uwana mata, da kasuwar Talata ta tashi nakan zauna in rubuta cinikina. Kakata kuwa da gawayi take zana zubin adashi a bango.

Riƙe littafin ƙungiya daga waje ya zo mana. A 1935 Turawa suka kafa dokar ƙungiyoyin gama kai a Najeriya. A 1958 aka kafa VSO a Ingila, mai tura 'yan sa kai ƙasashe irin namu, har da masu koyar da lissafin kuɗi. Suna da amfani, amma baƙo raɓa ne, wa'adinsa na cika sai ya koma gida.

Mu dai mun ga darasi a ƙofar gidanmu. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato. Aikin ya taɓa gonakin Maradun, Bakura da Mafara. Da aka zo batun diyya, awo da lissafi duk suna hannun ma'aikata, manomi kuwa sai abin da ya riƙe a ka. Manoma suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa.

Shi ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana. In baƙo ya zo koya mana lissafi, mu karɓe shi hannu biyu, amma 'yarmu ta zauna gefensa da biro. Kowace mamba kuma ta nemi ganin zubinta a rubuce kafin ta dangwala.