Giginya da Sorayen Bauchi

Duk wanda ya shiga tsohon soro a cikin ganuwar Bauchi, idan ya ɗaga kai, abin da zai gani yumɓu ne da zane. Itacen da ke riƙe da rufin a ɓoye yake cikin ƙasa, kuma itacen nan azara ce, wato gangar giginya da aka tsaga. Kakana magini ne, a bakinsa na fara jin cewa ba a fara zancen soro sai an san inda za a samo azara. Tubali kowa na iya bugawa a bakin kududdufi. Azara kuwa sai an je daji, sai kuma an dace da giginyar da ta isa sara.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Jahun. Sabon gari yana bukatar fada da masallaci da zauruka na masu sarauta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai rufu ba tare da giginya ba. Dalilin da magina suka zaɓe ta a fili yake: gara ba ta cika cin ta ba, kuma tana daɗewa cikin ƙasa ba ta ruɓe ba. Sai dai ba duk gangar ake amfani da ita ba. Cikinta laushi gare shi, ƙarfin yana wajen ɓawo ne, shi ya sa ake tsaga ta a jefar da tsakiyar. Akwai namiji akwai mace a jinsinta, macen ce ke 'ya'ya, magina kuma sun fi son namijin domin ya fi tauri. Kumburin da ake gani a saman gangar ba ya fitowa sai ta kai wajen shekara 25, kuma abin da ke ƙasa da shi ne azarar kirki.

Azara tana da aibi guda: ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta yi faɗi. Da ta wuce kamu huɗu ko makamancin haka sai ta fara lanƙwasa. To wannan gazawar ce ta haifar da gwanintar da muke alfahari da ita yau. Magina suka koyi jera gajerun azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasa da ita, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. Idan bakunan suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, an samu ɗaurin guga. Da a ce Allah ya ba ƙasar Hausa dogayen katakai irin na kurmi, ina jin da ba mu san wannan fasaha ba.

Wanda ya kai ta ƙololuwa shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Aikinsa ya iso ƙasarmu. A Kafin Madaki, arewa da Bauchi cikin Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, akwai gidan Madaki da ya gina wajen 1860, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu. A 1956 aka sa gidan cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, yana cikin na farko-farkon da suka sami wannan matsayi a Nijeriya. Masu ziyara kan yaba wa magini, kuma ya cancanta. Ni dai nakan tuna da giginyoyin da aka sare domin wannan aiki, waɗanda wasunsu sun tsiro tun kafin a haƙa tushen ganuwar Bauchi.

Daga baya kwano ya zo. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, garin ya zama hedkwatar jiha a 1976, siminti da katakon kudu suka cika kasuwa. Ba na zargin kowa. Rufin ƙasa yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, wanda ya taɓa kwana ruwa na ɗiga masa a ka ba zai yi wa kwano gori ba.

Mutum zai zaci barin azara hutu ne ga giginya. Ba haka ta kasance ba. Muddin tana da daraja a gini, manomi yakan bar ƙananan da suka tsiro a fadamarsa, ya kare su daga garma, domin ya san jikansa zai sayar. Da darajar ta ragu, sai ta koma itacen da ke tare wuri kawai, ga shi ko inuwarta ba ta da amfani ga mai gona. Ai Hausawa sun daɗe da cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta. Abin da ya rage mata na kuɗi a kusa shi ne muruci. Ana tara ƙwallayenta a binne, bayan wasu watanni a tono tsiron a dafa, yara su yi talla a kasuwannin Wunti da Muda Lawal. Ina son muruci, ba zan ɓoye ba. Amma kowane guda da muka ci giginya ce da ba za ta tsaya ba, kuma ban cika ganin mai binnewa yana ware ko kaɗan ya bar su su girma ba.

Inda za ka ga tana hayayyafa yadda take so shi ne bakin kogin Gaji a Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956. Giwaye na son 'ya'yanta, su ci su yar da ƙwallon a nesa, babu mai tonowa. A Jamhuriyar Nijar kuma, a Dallol Mawuri ta wajen Gaya, giginya na cikin itatuwan da doka ta hana sara ba da izini ba, kuma an sa mutanen ƙauyuka cikin aikin tsaron kurmin da rabon amfaninsa.

Tsofaffin sorayenmu za su nemi gyara, kuma ba a gyara bakan gizo da ƙarfen rodi. Ina kira ga masarauta da ma'aikatar gandun daji ta jiha su ware fadama ko ɗaya a shuka giginya, a hana tono, masu sana'ar muruci kuma su riƙa barin wani kaso a ƙasa duk shekara.