Daga Dandalin Kaka Zuwa Filin Makaranta: Tarihin Tafiya Kallon Wasa a Arewacin Kano

Tafiya kallon wasa tsohuwar al'ada ce a karkarar arewacin Kano, wato ƙasar da ta tashi daga Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir ta miƙe har Bichi da Tsanyawa da Kunchi da Makoɗa da Ɗambatta. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, ba a barin saura ta huta sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Wannan kusanci shi ya sauƙaƙa wa mutane zuwa kallo a garin da ba nasu ba, domin mai jin kiɗa daga nesa da la'asar yana iya isa wurin da ƙafa kafin a tashi. Abin da ya sauya a cikin shekaru ɗari da suka wuce shi ne irin wasan da ake bi, da abin hawan da ake zuwa a kai, da kuma garuruwan da ke jan 'yan kallo.

Kaka da kasuwa

A da, gona ce ke yanke lokacin wasa. Da damina ba mai sararin zuwa ko'ina, daga shuka sai noman firi sai maimai sai huɗa. Idan aka girbe gero, aka cire gyaɗa, aka yanke dawa aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, sai gonaki su zama fili fetal, ba abin da ya rage a tsaye sai ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo. A nan ake share wuri a bayan gari a yi da'ira. Lokacin ne manomi ke da hatsi a rumbu da 'yan kuɗi a aljihu, lokacin ne ake bukukuwan aure, kuma a lokacin samari da 'yan mata ke shirya kalankuwa, bikin murnar kaka da ake gayyato ƙauyukan maƙwabta.

Kowane rukunin jama'a da wasansa. Kokawa ta manoma ce, kowane ƙauye yana da gwaninsa da yake tinƙaho da shi. Dambe gadon mahauta ne, shi ya sa kalangu, wanda shi ne kiɗan fawa, ya zama kiɗan dambe. Shaɗi na Fulani ne, langa kuwa ta yara da samari a farin wata. 'Yan dambe su suka fi kowa yawo. Sukan tashi ƙungiya guda da makaɗansu da maroƙansu, su bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya, su sauka a hannun mahautan garin, domin taron wasa kasuwa ce ga mai tsire da balangu. Kafin su iso labari ya riga su, ta bakin 'yan kasuwa da masu jakuna, ko ta goron gayyata da aka aika wa sarkin samarin wani gari.

Kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako su ne suka zama tasoshin wannan yawo. Mutum zai kai akuya ko tiyar wake kasuwa da safe, ya gama ciniki da azahar, ya tsaya kallo da la'asar, ya bi ayarin mutanen garinsu zuwa gida bayan magariba. Saboda haka darajar gari a wurin 'yan kallo tana tafiya da girman kasuwarsa. Ɗambatta, wadda kasuwarta ke ci ranar Lahadi kuma ta shahara da cinikin dabbobi, tana tara Fulani da mahauta da manoma a wuri guda, su ne kuwa masu shaɗi da dambe da kokawa.

Yadda fagen yake

Tsarin fagen dambe bai sauya sosai ba har yau. 'Yan kallo suna kewayewa, yara a gaba a zaune, manya a baya a tsaye, makaɗa a gefe guda. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma, ya bi shi da zare ya ɗaure tamau har ya yi tauri. Wannan hannu shi ne mashi, ɗayan da yake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa. Idan makaɗi ya ɗauko takensa, sai tsuma ta kama shi, ya fito tsakiya yana kirari yana ambaton maigidansa da waɗanda ya taɓa kashewa. Kisa a dambe shi ne a buge mutum har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa. Ana yin turmi uku, in ba kisa a raba su. Da zarar an yi kisa fage kan rikice, mutanen gwani su ɗaga shi sama, masu liƙi su manna masa kuɗi a goshi, makaɗi ya ƙara matse kalangu.

Sunayen 'yan dambe kansu tarihin tafiya ne. Ana kiran mutum Shagon wane, wato yaron wane da ya koya a hannunsa, ko Bahagon wane idan da hagu yake duka. Sunan Shago ya bazu ne daga shahararren ɗan damben nan na ƙasar Zamfara wanda makaɗi Ɗan Anace ya yi wa waƙa, kuma rediyo da kaset suka kai waƙar kowane ƙauye a ƙasar Kano. Daga baya 'yan wasa suka rarrabu ɓangare uku, Arewa da Kudu da Guramaɗa, kuma ɗan kallo kan riƙe ɓangarensa duk inda aka je. Malamai sun daɗe suna ƙyamar layu da kambuna da asirin da ke tare da dambe, wannan ya sa a gidajen malanta da na sarauta ba a cika barin yaro ya shiga fage ba, ko da zai saci jiki ya je kallo.

Jirgi, mota da gidan dambe

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama babbar hajar manoman wannan yanki. Kuɗin kaka suka ƙaru, kyautar da ake yi wa gwanaye da makaɗa ta ƙaru tare da su. Manyan hanyoyi biyu suka ratsa arewacin Kano: ta Katsina wadda ta bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da ta Daura wadda ta bi ta Ɗambatta da Kazaure. Motocin da ke kwasar gyaɗa su suka fara ɗaukar 'yan kallo a saman buhuna. Bayansu keke ya yawaita, sannan akori-kura da bas da babur. Tafiyar da ke cin yini da ƙafa ta koma ta sa'a guda.

Mota ta kuma juya alƙiblar wasan zuwa birni. Maimakon gona da aka share na kwana biyu, sai aka sami gidan dambe, wuri kewayayye mai ƙofa da ake biyan kuɗin shiga, ana wasa rani da damina. Dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano na daga cikin fitattun irin waɗannan wurare. 'Yan ci-rani sun kai al'adar har Alabar Rago a Legas da Dei-Dei da Marabar Nyanya a kewayen Abuja, inda ake sa babur ko mota a gasa. Ta fuskar kokawa, Jamhuriyar Nijar ta kafa gasar takobi ta ƙasa a 1975 a Tawa, kuma masoya kokawa na wannan ɓangaren iyaka suna bin ta a rediyo da talabijin, musamman idan ta zo Maraɗi ko Damagaram.

Makaranta da ƙwallo

Ƙwallon ƙafa ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar bariki da makarantun boko. An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. A irin waɗannan makarantu wasa darasi ne na dole, kuma malaman da suka fito daga cikinsu su suka kai ƙwallo da guje-guje da tsalle-tsalle makarantun gundumomi. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, makarantun kwana sun yawaita a wajen birni. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kai makaranta ƙauyuka masu yawa, a 1977 kuma aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu.

Muhimmancin wannan ga karkarar arewacin Kano ya wuce karatu. A ƙasar da kowane taƙi na ƙasa yake da mai shi kuma ake shuka shi duk shekara, filin makaranta, in aka ɗebe filin idi, shi ne kusan kaɗai buɗaɗɗen wuri da ba a nomawa. Shi ya ba samari damar yin wasa da damina, lokacin da fagen kaka ke cike da dawa. Makaranta ta kuma zo da nata lissafin lokaci: zangon karatu, da gasar gidajen ɗalibai da ake yi sau ɗaya a shekara, wadda ake gayyato wasu makarantu tseren miƙa sanda, iyaye da mutanen gari su cika bakin fili, masu rake da gyaɗa da ƙanƙara su kafa kasuwa.

Kwatanta garuruwan makarantu

Garuruwa uku suka fi fice da manyan makarantu a kan hanyoyin nan biyu, kuma kowannensu da abin da yake jan baƙo da shi. Bichi, mai nisan kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Katsina, tsohuwar hedikwatar hakimi ce, a nan Abdullahi Bayero ya yi hakimci kafin ya zama Sarkin Kano a 1926. Kwalejin ilimi ta tarayya mai koyar da fasaha da ke garin tana tara ɗalibai daga jihohi daban-daban, don haka wasannin da ake bugawa a can sun fi na sauran garuruwa gauraya. Mota ba ta yankewa a hanyar, ɗan kallo zai je ya dawo a yini guda.

Ɗambatta tana da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo, wadda aka raɗa wa sunan gwamnan farko na jihar, mutumin da aka gina madatsun ruwa masu yawa a zamaninsa. Amma ƙarfin garin a wurin 'yan kallo har yanzu kasuwa ce ta riƙe shi. Taron Lahadi ya fi kowane taron makaranta girma, kuma wasan gargajiya ya fi samun masu kallo idan ya dace da ranar. Kazaure, wadda ta kasance cikin Jihar Kano har zuwa ƙirƙiro Jigawa a 1991, ta haɗa abu biyu: fadar sarki mai hawan salla, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Sarki Hussaini Adamu. Mutanen Ɗambatta da Makoɗa suna zuwa can kamar yadda suka saba tun kafin a ja iyakar jiha. Wanda ke son ganin garin makaranta na sosai kuwa sai ya wuce kudu zuwa Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, ta mayar da Samaru garin ɗalibai.

A Amurka akwai garuruwan da ƙungiyar jami'a ita ce ƙungiyar gari, har filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, kuma magoya baya kan yi doguwar tafiya a mota don wasa ɗaya. A ƙasar Kano ba haka abin ya ginu ba. Makaranta ta ba da fili da masu horarwa, amma biyayyar ɗan kallo tana ga unguwarsa da garinsa. Ɗalibi baƙo ne, hutu na zuwa zai tafi. Shi ya sa wasan da ke cika akori-kura da magoya baya shi ne na ƙauye da ƙauye, ko kofin da hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ya sa, ko da a filin makaranta ake buga shi.

Sai masu gida

Abin da ya haɗa kan waɗannan garuruwa duka shi ne ƙungiyar birni. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. A 1990 aka haɗe wasu ƙungiyoyi uku aka kafa Kano Pillars, mai kirarin “Sai masu gida”, wadda ta lashe gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka ta 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Ranar da Pillars take wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, samarin Bichi da Ɗambatta da Minjibir kan haɗa kuɗin mota tun safe, su dawo da dare murya a dishe. Gasar matasa ta Kofin Ramat, da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, ita ma tana jawo 'yan kallo daga karkara.

Zuwan tauraron ɗan'adam da janareta ya kawo gidajen kallon ƙwallo har ƙananan ƙauyuka, wayar hannu kuma ta sa ana ganin kisan da aka yi a gidan damben Abuja a daren da aka yi shi. Wannan ya rage wasu tafiye-tafiyen, amma ya ƙara wa gwanaye suna, ta yadda idan aka ji za su zo wani gari sai taro ya ninka. Babbar barazanar yau ita ce ta fili, domin gine-gine suna cinye gonakin bayan gari, kuma ana yanka gefen filayen makarantu a yi shaguna. Duk da haka lissafin lokutan uku yana nan yana aiki tare: kaka tana kawo dambe da kokawa, zangon karatu yana kawo gasar makarantu, kakar gasar ƙasa tana kai mutane birni, kuma hanyar Katsina da ta Daura su ne ke ɗauke da masu zuwa kowannensu.